Linux a cikin Windows: WSL2, VirtualBox, VMware ko raba diski, wanne kwamfutarka za ta ɗauka?

Duk mai koyon rubuta manhaja a Yamai, ko daɗe ko jima sai ya ci karo da Linux. Sabar da zai ɗora aikinsa a kai, wato kwamfutar da ke riƙe da shi a intanet, da Linux take tafiya, Docker ɗan gidan Linux ne, kuma darussan Python da Node da PHP da yake bi yawancinsu umarnin Ubuntu ko Debian suke nunawa. Ga shi kwamfutar da ke hannunsa da Windows ta zo daga shago, da Word da Excel ɗin da ba zai iya rabuwa da su ba saboda rahoton makaranta ko aikin ofis. Abin da kowa ke gaya wa kowa shi ne: sauko da VirtualBox, sa Ubuntu a ciki, shi ke nan. Wannan shawarar ita ce ta fi yawo, kuma a kan yawancin kwamfutocin da ake sayarwa a nan ita ce ta fi bai wa mutum wahala. Hanyoyin sun kai huɗu, kuma ba kyawun manhaja ke raba su ba. Abu uku ne ke yanke hukunci: yawan RAM, irin diskin da ke cikin kwamfutar, da kuɗin forfe.

Kafin a je ko'ina, akwai ƙofar da in ba a buɗe ta ba, uku daga cikin hanyoyin nan huɗu ba za su yi aiki ba. Furosesa na da wata dama ta raba kanta tsakanin sistem biyu, Intel na kiranta VT-x, AMD na kiranta AMD-V, kuma kwamfutocin ofis na hannu, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad, sau da yawa a kashe suke zuwa da ita. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga shafin da ke nuna aikin furosesa. A ƙasa daga dama za ka ga layin Virtualisation, ko dai a kunne ko a kashe. In a kashe take, sai ka sake tada kwamfutar ka shiga BIOS, saitin injin da ke zuwa kafin Windows ya tashi: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Minti biyu ne aikin. Amma wanda bai sani ba sai ya kwana yana zargin fayil ɗin da ya sauko da shi, har ya sake kashe giga shida a banza.

Mu fara da VirtualBox tunda shi ne sananne. Wani kamfanin Jamus mai suna innotek ne ya fito da shi a 2007, kamfanin Sun ya saye innotek a 2008, Oracle kuma ya haɗiye Sun a 2010. Kyauta ne, buɗaɗɗe ne, yana aiki a kan Windows da Linux da Mac. Abin da yake yi shi ne ya yanka wani yanki na RAM da furosesa da diski ya ƙera kwamfuta ta biyu a cikin taga, wadda ba ta san ma akwai Windows a duniya ba. Wannan rabuwar ita ce amfaninsa, ita ce kuma nauyinsa. In ka lalata komai a ciki, Windows ɗinka ko gezau. Amma RAM ɗin da ka ba shi ya fita daga hannun Windows muddin yana kunne.

Ga lissafin. Kwamfuta mai giga 8, Windows 10 ko 11 kaɗai na riƙe da wajen giga 3 ko fiye kafin ka buɗe komai. Ka buɗe Chrome da shafuka goma, wani giga ɗaya ko biyu ya tafi. Ubuntu 24.04 na tebur, mai tagogi da komai, masu shi da kansu giga 4 na RAM suka ce a ba shi, da giga 25 na diski. Ka tara ka gani: ka cika takwas ɗin cif, ba ka rubuta layi ɗaya ba tukuna. Baƙo ne aka sauke a gida mai ɗaki ɗaya, ya zo da iyalinsa da kayan ɗakinsa, mai gida ya koma rakuɓe a bakin ƙofa. Daga nan Windows ya fara kwashe abin da ke RAM yana jibgewa a diski, in kuma diskin tsohon nan ne mai juyawa, kana danna abu sai ka sha shayi kafin ya buɗe. Mutane da yawa daga nan suke yanke cewa Linux nauyi gare shi. Ba Linux ba ne, tagogin ne da ƙarancin wuri.

Akwai wata hanyar amfani da VirtualBox ɗin da ba a cika koyarwa ba, kuma ita ce nake ganin ta dace da mu: kada ka sa tebur ko kaɗan. Ɗauki Debian, ƙaramin faifan girkawa da ake kira netinst, wanda bai kai giga ɗaya ba, alhali na Ubuntu 24.04 na tebur ya doshi giga 6. Debian 12 ya fito a Yunin 2023, Debian 13 a Agustan 2025, kowannensu ya isa aikin. Ka ba shi giga ɗaya ko biyu na RAM, furosesa biyu, diski giga 20 irin mai girma a hankali. Wurin girkawa, in an zo shafin zaɓen kayan aiki, cire alamar da ke kan tebur da GNOME, ka bar ta a kan sabar SSH, wadda ke ba ka damar shiga kwamfutar ka ba ta umarni daga wata, da kayan aiki na asali. Irin wannan Debian ɗin in ya tashi ko rabin giga ba ya ci. A cikin saitin rezo na VirtualBox, inda aka bar shi a NAT, ka ƙara ƙa'ida guda: tashar 2222 ta Windows ta faɗa kan tashar 22 ta Debian. Sai ka buɗe VS Code a kan Windows ɗinka, ka sa masa Remote-SSH, ka haɗa da 127.0.0.1 a tashar 2222. Rubutu kana yin sa a tagar da ka saba, amma fayiloli da tagar umarni da duk abin da ke gudana a Debian suke. Ka ƙara wata ƙa'idar irin wannan ta tashar 8000 ko 3000, Chrome na Windows ya riƙa nuna maka shafin da kake ginawa. Ribar da ta fi duka ita ce, ranar da ka yi hayar saba ta gaske a Faransa ko Jamus, ba wani sabon abu da za ka koya: baƙin allo ɗaya ne, SSH ɗaya ne.

Wurin girkawar nan akwai tarko biyu da ke kama kusan kowa a ƙasar nan. Na farko madannai. Kwamfutocinmu gauraye suke, wadda ta biyo ta Faransa ko Beljiyam AZERTY ce, wadda ta biyo ta Dubai ko Kano yawanci QWERTY. Ka zauna kusa da ɗalibi yana girkawa ka gani: ya zaɓi harshen Faransanci, mai girkawa ya ba shi madannan Faransa, shi kuma madannan kwamfutarsa QWERTY ne. Ya rubuta kalmar sirri, ba ta bayyana a allo. Yana danna a, ana rubuta q. Yana danna 1, 2, 3, ana rubuta wasu alamomi, don a AZERTY sai da Shift lambobi ke fitowa. Ya maimaita ta sau biyu da kuskure iri ɗaya, an karɓa. A tagar VirtualBox tana shiga lafiya lau. Yana zuwa haɗawa ta SSH daga Windows, inda madannan ke daidai, sai a ce kalmar sirri ba ita ba ce, ya yi ta rantsuwa. Harshe daban, madannai daban: kalli jeren sama na madannanka, ka zaɓi abin da idonka ya gani. Yankin lokaci kuwa Africa/Niamey yana cikin jerin.

Na biyu, tun daga sigar 7.0 ta 2022 VirtualBox na yi maka tayin ya girka sistem ɗin da kansa ba tare da ya tambaye ka komai ba. Ƙi wannan tayin. Yakan bar ka da asusun da ba shi da ikon sudo, umarnin da ke ba ka ikon shugaba, da harshe da madannai na Amurka. Yi da hannunka. A Debian kuma in ka bar kalmar sirrin root, asusun shugaba, fanko, asusunka na farko ne ke samun sudo kai tsaye, abin ya zo da sauƙi.

Abin da VirtualBox ya fi kowa a wurinmu shi ne rabawa. Mutum ɗaya a aji ya kashe forfensa ya girka Debian, ya sa git da Python da Node da PostgreSQL, ya gyara komai, sai ya fitar da kwamfutar gaba ɗaya a fayil guda na OVA. A ɗora a kile, ya zaga ajin. Kowa ya shigo da shi, minti goma yana da irin abin da ɗan'uwansa ke da shi, ba wanda ya ƙara sayen ko mega ɗaya. Ga malamin da ke koyar da mutum talatin a Jami'ar Abdou Moumouni can Harobanda, ko a wata cibiyar horo a cikin gari, wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓensa, don an kashe maganar "a tawa ba ya aiki". Sai dai a kula, kile mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce giga 4, ko da sauran wuri fal a ciki. A mayar da shi exFAT tukuna. Akwai kuma ɗaukar hoton halin da kwamfutar ke ciki kafin ka gwada wani abu mai haɗari, in ya ɓaci ka koma baya da danna guda. Hoton nan a diski ɗaya yake zaune da komai, diskin na mutuwa ya bi shi. Aikinka a tura shi GitHub ko GitLab, ko aƙalla wani kile daban.

Ƙaramin gargaɗi ga masu kamfani: VirtualBox kansa kyauta ne ga kowa, amma ƙarin da ake kira Extension Pack lasisinsa daban, kyauta ne don amfanin kai da na karatu kaɗai. Tun 7.0 kuma USB 2 da 3 sun dawo cikin asalin manhajar, don haka yawancin mutane ba su da buƙatarsa ma.

Sai WSL2, wanda in kwamfutarka na da giga 8 kuma aikinka shafukan intanet ne ko Python, shi zan fara nuna maka. Microsoft ya kawo shi cikin Windows 10 siga 2004 a Mayun 2020. Shi ma kwamfuta ce a cikin kwamfuta, da ƙwayar Linux ta gaske, wato zuciyar sistem ɗin, amma an sassaƙe ta har ba ka ganinta. Ka buɗe PowerShell da ikon shugaba, ka rubuta wsl --install, ka sake tada kwamfutar, Ubuntu na jiranka. Duka saukarwar ba ta kai giga ɗaya ba. Yana tashi cikin daƙiƙoƙi, yana ɗaukar RAM gwargwadon buƙata maimakon ya killace rabonsa tun farko, kuma yana aiki a Windows Home, ba sai Pro ba. VS Code na shiga cikinsa kai tsaye: ka tsaya a babban fayil ɗin aikinka ka rubuta code da ɗigo, taga ta buɗe. Shafin da ka tada a ciki, Chrome na ganinsa a localhost ba tare da wata ƙa'idar tasha ba. Batun madannai ma bai taso ba, na Windows yake bi.

To ina matsalarsa? Ta farko ba tasa ba ce, ta Windows ɗinmu ce. Kwamfutoci da yawa da ake yi wa girki a shaguna wani Windows ake zuba musu da aka yanke masa gaɓoɓi don ya yi sauri, an kashe sabuntawa, an cire abubuwan da WSL ke tsayawa a kai. Wasu kuma Windows 10 ne tsoho da bai taɓa ganin intanet ba tun da aka sa shi. Rubuta winver ka ga sigarka. In ba ta kai 2004 ba, ko umarnin ya yi ta jefo kuskure, ko dai ka sake girka Windows na asali, ko ka koma VirtualBox wanda bai damu da wannan ba. A tuna kuma Microsoft ya janye tallafin yau da kullum daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance, in furosesar Intel ce, sai ta ƙarni na takwas zuwa sama, da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Su EliteBook 840 G3 da Latitude E7470 da suka cika gari ƙarni na shida ne. WSL2 zai ci gaba da aiki a kansu, amma gidan da yake zaune ciki an daina yi masa gyara.

Ta biyu tana cizon wanda bai sani ba. Daga cikin Ubuntu na WSL kana ganin diskin Windows a /mnt/c, sai zuciya ta raya maka ka ajiye aikinka can a Documents inda ka saba. Kada ka yi. Duk fayil ɗin da ya tsallaka tsakanin ɓangarorin biyu a hankali yake tafiya, kuma npm install dubban ƙananan fayiloli yake zubawa. Abin da zai ƙare cikin ƙasa da minti a gidan Linux sai ya ja maka mintuna. Ajiye aikin a /home, in kana son ganinsa daga Windows ka rubuta \\wsl$ a mai binciken fayiloli. Irin wannan ciwon yana nan a babban fayil ɗin da VirtualBox ke rabawa tsakanin sistem biyun, har ya fi muni, don can mahaɗan fayil na node_modules ƙin ƙirƙiruwa suke yi.

Ta uku, WSL2 na da damar cin har rabin RAM ɗinka in ba ka taka masa burki ba. Za ka ga wani abu mai suna Vmmem ya kumbura. Maganinsa fayil ɗan ƙarami mai suna .wslconfig a gidan asusunka na Windows, layi biyu: [wsl2] a sama, memory=3GB a ƙasa, sai wsl --shutdown. Diskinsa ma girma yake yi, ba ya komawa da kansa ko ka goge abin da ke ciki, abin lura ga mai SSD na giga 128.

Akwai ayyukan da ba nasa ba. Mai son koyon gudanar da saba tun daga raba diski da saitin rezo da katangar tsaro, ko mai son tada kwamfutoci uku su yi magana da juna kamar a darasin rezo, WSL ya ɓoye masa ainihin abin da ya zo koya. Mai haɗa Arduino ko wata na'ura ta USB sai ya bi ta wata manhaja, usbipd-win, alhali a VirtualBox danna biyu ne. Rabawa ta kile kuwa yana yi, da wsl --export da wsl --import, sai dai kowane mai karɓa dole WSL ɗinsa ya riga ya tashi lafiya, kuma a aji guda da wuya a rasa mutum biyar masu yankakken Windows.

Wani zai ce to ya sa duka biyun mana. Yana yiwuwa, amma da farashi. WSL2 a kan Hyper-V yake hawa, injin Microsoft na tada kwamfuta a cikin kwamfuta, kuma da zarar injin nan ya kunna shi ke riƙe da VT-x, VirtualBox sai dai ya bi ta ƙarƙashinsa. Alamar ita ce ɗan koren kunkuru a ƙasan tagar VirtualBox daga dama, inda da harafin V ne. Ba da wasa suka zaɓi kunkuru ba. Kuma ba WSL kaɗai ke jawo shi ba. A Windows 11 akwai wani saitin tsaro na kare ƙwaƙwalwa da ke kunna injin ko ba ka taɓa jin sunan WSL ba. In ka ga kunkurun, ka san inda saurinka ya tafi. A kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa.

VMware Workstation Pro da can na kuɗi ne, kuɗi mai yawa. Broadcom ya saye VMware a Nuwamban 2023, a Mayun 2024 ya mayar da shi kyauta don amfanin kai, a Nuwamban 2024 kuma ga kowa har da kamfanoni. In dole sai ka yi aiki da cikakken tebur na Linux a taga, shi ya fi VirtualBox santsi: tagogi na motsi da kyau, kwafi da liƙawa tsakanin sistem biyu ba ya gardama. Amma bai canza lissafin RAM ba ko kaɗan, giga 4 na Ubuntu giga 4 ne a ko'ina. Kafin ka sauko da shi sai ka buɗe asusu a shafin Broadcom ka cike takardu, abin da ke da ban haushi in rezo na yankewa. Na masu giga 16 ne. Hyper-V na Microsoft ma yana iya tada cikakkiyar kwamfuta, sai dai ba ya cikin Windows Home, kuma ga tebur na Linux ba shi da daɗin hannu; in ba ofishinku ne ke amfani da shi ba, wuce. Mai Mac na zamani, M1 zuwa sama, furosesarsa ARM ce, don haka OVA ɗin ajin ba za ta tashi a wurinsa ba. Ya nemi UTM ko VMware Fusion da faifan Debian na ARM.

Saura masu giga 4, kuma suna da yawa. Gaskiya ɗaya ce, kwamfuta a cikin kwamfuta ba taku ba ce tukuna. Debian marar tebur da giga ɗaya zai tashi, amma Windows da Chrome da VS Code za su yi ta kokawa a kan ukun da suka rage. Hanyarku ita ce raba diski, Linux ya zauna gefen Windows, wurin tashi ka zaɓi ɗaya. A nan Linux shi kaɗai ke da duk RAM ɗin. Linux Mint Xfce, ko Xubuntu, ko Debian da Xfce, kan tsohuwar kwamfutar da Windows ke ja da ƙyar, sai ka ga ta farfaɗo. Haɗarin a lokacin rabawa yake, nan ne kuskure ɗaya ke tafiya da hotuna da takardun shekaru. Kwashe komai zuwa wani diski kafin ka fara. In BitLocker, makullin diski na Windows, na kunne, ka adana mabuɗinsa a wani wuri tukuna. Kashe tashin gaggawa na Windows, in ba haka ba Linux ba zai iya rubutu a ɓangaren Windows ba. Kuma kada ka fara raba diski da kwamfutar da batirinta ya mutu sai kana kan ondilar. Bayan an gama za ka lura agogon Windows na baya da awa ɗaya duk lokacin da ka dawo daga Linux. Ba lalacewa ba ce: Linux na ajiye agogon inji a lokacin duniya, Windows na ɗaukarsa lokacin gida, Nijar kuma awa ɗaya take gaba. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 na sasanta su. Wahalar da ba ta da magani ita ce ta yau da kullum, kana tsakar aiki a Linux a turo maka takardar Word da sai a Windows take fita daidai, dole ka rufe komai ka sake tashi. In ka zauna a Linux ɗin har ka saba, daga baya ka ƙara RAM, sai abin ya juye: Windows ne zai koma cikin taga, ta KVM, wanda ke cikin ƙwayar Linux tun 2007, da virt-manager.

Masu son Android Studio, manhajar gina manhajojin wayar Android, ku tsaya. Shi kansa giga 8 ne mafi ƙarancin abin da yake nema, kuma wayar kwaikwayo da ke cikinsa ita ma VT-x take so. Sa shi cikin VirtualBox hawa biyu ne na wahala. Girka shi kai tsaye a Windows ko a Linux ɗin da ke kan diski, ka jona wayarka ta gaske ta USB ka gwada a kanta. Docker kuwa lafiya lau yake zama a cikin Debian na VirtualBox ko Ubuntu na WSL2, ba sai ka ɗauko Docker Desktop mai nauyi ba.

Duk wadda ka zaɓa, wuta da zafi suna da ta cewa. Afrilu da Mayu a Yamai zafi na wuce digiri 40, kuma lokacin ne kuran ya fi ɗaukewa. Furosesar da ke ɗauke da sistem biyu zafi take yi, in ta kai iyaka ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu da ta toshe fanka tun Janairu ita ke ƙarasa aikin. A buɗe a hure, a ɗaga bayanta daga tebur, kada a ɗora ta kan katifa. Mai mataccen batiri kuma ya sani, in wuta ta tafi ana tsakar apt upgrade, sistem ɗin ciki na iya tashi da rabin kaya a girke. Yawanci sudo dpkg --configure -a na gyarawa. In akwai hoton da ka ɗauka kafin sabuntawar, ko wannan ba ka buƙata. Forfe ma yana zurarewa ta inda ba ka gani: Ubuntu na sauko da sabuntawar tsaro da kansa, snap ma na sabunta kayansa a ɓoye, kuma sistem ɗin da ke cikin taga bai san cewa daga wayarka kake raba masa intanet ba. Debian marar tebur ba ya taɓa komai sai ka ce masa. VS Code kuwa duk sanda ya sabunta kansa sai ya sake sauko da ɗan sabarsa a cikin Linux ɗin, don haka ka bar sabuntawarsa sai kana kan wifi.

In kuɗin hannunka abu ɗaya kawai za su saya, SSD ne, kafin ma RAM. Sistem biyu a kan diski mai juyawa kan allura ɗaya suke faɗa. Bayan SSD sai RAM, daga 4 zuwa 8, ko daga 8 zuwa 16. Tafi da kwamfutar shagon, kada ka saya da ka, don DDR3L da DDR4 ba sa shiga ramin juna, wasu sirararan kwamfutocin kuma RAM ɗinsu a liƙe yake ba ya ƙaruwa. Wanda bai riga ya sayi kwamfutar ba ya fi kowa sa'a. A shagunan kewayen Babbar Kasuwa mai kaya zai ce maka, "Ƙanena, wannan i7 ce, ba ta da matsala." Ka ce masa, "Alhaji, a kunna mu gani." Ka buɗe wancan shafin na furosesa: ƙarni na nawa ce, RAM nawa, rami nawa ke cike cikin nawa, diskin SSD ne ko HDD, layin Virtualisation me ya ce. Sannan a zare caja ka ga minti nawa za ta rayu. i5 ta ƙarni na takwas da SSD da ramin RAM a buɗe ta fi i7 ta ƙarni na huɗu da diski mai juyawa, nesa ba kusa ba.

Mai giga 8 da Windows na asali da ke gina shafuka ko rubuta Python, WSL2, aikinsa a /home, da .wslconfig tun ranar farko. In Windows ɗin yankakke ne, ko saba kake son koya, ko aji kake koyarwa, VirtualBox da Debian marar tebur, a raba OVA ta kile. Cikakken Ubuntu a taga, bari sai ka kai giga 16, kuma a lokacin VMware za ka fi jin daɗi. Mai giga 4 ya kwashe takardunsa yau, gobe ya raba diski ya sa Mint Xfce, kuɗin da ya tara na farko kuma su tafi ga SSD.